Ragowar Bayan Waƙafi

Teburin da aka ba ni a ofishin yana bakin ƙofar banɗaki ne, jikin firinta. Duk wanda zai shiga sai na ja kujerata, duk wanda ya turo takarda sai na miƙa masa. Na zo da digiri a kimiyyar kwamfuta, da sakamakon da ban taɓa jin kunyar nuna wa kowa ba, amma aikin da Oga ya damƙa mini shi ne in riƙa hana rubutu fita daga akwati.

Ƙaramin kamfani ne, shafukan intanet muke gina wa mutane. Wadda ta fi kawo mana aiki wata mai kantin magani ce mai rassa da dama. Masu saye suna shiga shafinta su duba magani, su karanta yadda ake sha, a kai musu har gida. Shafin tsoho ne, da yaren kwamfuta na PHP aka rubuta shi tun ina sakandare, a ofis ma Tsohon Gida ake ce masa. Kowane magani yana da ɗan akwatinsa mai ɗauke da suna da bayanin sha. Wani bayanin gajere ne, wani kuma sai ya yi ta tafiya har ya tsallake akwatin ya hau kan hoton maganin da ke ƙasa. Da zarar mai kantin ta kira ta yi ƙorafi, ni ake turo wa. In faɗaɗa nan, in matse can, gobe wani ya sake ɓullowa.

Oga ya gaya mini tun ranar farko cewa gwaji nake. Ana gina wa kantin sabon shafi, in an ƙaddamar da shi zai yanke shawara ko in zauna ko in kama gabana. Yayana ne ya roƙar mini gurbin, ajinsu ɗaya da Oga a makaranta. Kafin nan na daɗe a gida bayan gama jami'a, ina tura takardun neman aiki, ina taya Mama ɗinka maɓalli, har maƙwabta suka daina tambaya ko an dace. Na san abin da zaman gidan nan ya yi mini, don haka na ƙudura a raina cewa ko a cikin banɗakin aka sa teburin, zan zauna.

Wanda ke gina sabon shafin shi ne Guguwa. Saurin hannunsa ne ya jawo masa sunan. Bai taɓa taka jami'a ba, shi ya koya wa kansa, kuma ba zan rage masa komai ba: ya iya aiki. Abin da ni zan zauna in tsara a takarda tukuna, shi kafin shayinsa ya huce ya rubuta. Shi ya laƙaba mini Farfesa, sauran suka ɗauka.

"Farfesa, a wane babi aka koya muku sa takarda a firinta?"

"Babin da ke bin na gaisuwa. Kai duk biyun ka tsallake."

"Kai, Oga, wannan ba za ta daɗe ba. Bakinta ya fi hannunta sauri."

"Ai dole, tunda hannun an ɗaure shi a akwati."

Haka muke kullum. In an yi taro ba a kira na, sai dai in ji daga baya. In na ba da shawara sai a yi shiru, bayan kwana biyu wani ya faɗe ta a yaba masa. Ban taɓa yi musu kuka ba. Ina cin abincina a teburina, in na gama da akwatunan in buɗe Tsohon Gida in yi ta karantawa, fayil bayan fayil, tunda babu wanda ya hana ni kuma babu mai sha'awar leƙa shi. Wanda ya rubuta shi ya bar kamfanin tun da daɗewa, amma na san halinsa kamar mun zauna tare: mutum ne mai tsoron ɓarna, ba ya yar da komai.

Guguwa ya gama sabon shafin da wani yaren kwamfutar, JavaScript. Aka ce in gwada. Ya ba ni wasu magungunan ƙarya da ya ƙirƙira don gwaji, irin su "Magani A, sha ɗaya da safe". Na bi su duka, komai ya fito daidai, na rubuta cewa da waɗannan dai babu matsala, a kira ni in an zuba na gaske. Ba a kira ni ba. Ana gobe za a ƙaddamar na ji ana tafi a gefen taga, na tashi na leƙa. An zuba magungunan kantin gaba ɗaya, allon ya cika da akwatuna a jere, kowanne tsaf, layi ɗaya ɗaya.

"Farfesa, zo ki ga yadda ake yi," in ji Guguwa. "Ko ɗaya bai fita ba. Sai ki nemi wata sana'ar."

Ba zan ɓoye ba, abin ya sosa mini rai. Watanni ina kokawa da abu, shi ya zo ya share shi kamar ƙura. Na koma teburina na buɗe shafin don in ga dabarar da ya yi. Na nemi wani maganin ruwa da ya fi kowanne wahalar da ni, wanda na gyara wa akwati har na haddace abin da ke ciki. A Tsohon Gida ga yadda yake: cokali ɗaya da safe, ɗaya da yamma, bayan cin abinci, kada a ba jariri, kada a haɗa da wani maganin mura. A sabon shafi kuwa an rubuta: cokali ɗaya da safe. Shi ke nan.

Na duba wani, na duba wani. Duk haka. Kowane bayani ya tsaya a waƙafinsa na farko.

Ban sha wahalar gano inda abin yake ba, don na san wurin a Tsohon Gida. Kowane magani layi ɗaya ne na rubutu: suna, waƙafi, sai bayani. Don a raba suna da bayani, tsohon mai aikin ya rubuta explode(",", $layi, 2). Wannan biyun a PHP tana nufin a ba ka kashi biyu, na farko sunan, na biyu duk abin da ya rage, da waƙafansa da komai. Guguwa da ya zo mayar da shi JavaScript sai ya rubuta layi.split(",", 2). A ido kamar tagwaye suke. Amma JavaScript yanka layin yake yi a kowane waƙafi, ya miƙo maka guda biyun farko, sauran ya zubar ba tare da ya ce uffan ba.

Don kada in yi wa mutum ƙazafi, na buɗe tagogi uku a allona na ba kowanne layin maganin ruwan. PHP ya ba ni kashi biyu, bayani cikakke. JavaScript ya ba ni kashi biyu, bayani guntu. Python, wanda da shi na yi aikin kammala digirina, ya ba ni kashi uku, domin shi yanka yake ƙirgawa ba kashi ba, in kana son biyu sai ka ce masa ɗaya. Na daɗe ina kallon su. Abin da na ji ba farin ciki ba ne, amma ya yi kama da shi.

Guguwa na fara samu, ba Oga ba. Na jira ya fito shan iska a bakin matakala.

"Malam Guguwa, biyunka ta cinye rabin kantin."

"Wace biyu kuma?"

Na nuna masa a wayata. Ya yi dariya tukuna, ya ce ai abu ɗaya ne, ya yi shekaru yana rubuta duka biyun. Na ce ya gwada. Muka koma ciki, ya buga da saurin nan nasa, amsar ta fito. Ya sake bugawa a hankali, da yatsa ɗaya. Sai ya jingina da kujera yana shafa ƙeya.

"Wurare nawa ka yi haka?" na tambaye shi.

"Duk inda na ga explode da lamba." Ya dubi allon. "Har adireshin masu saye."

Da a ce layi ɗaya ne za a canza a wuce, da ba a ji kanmu ba. Matsalar ita ce yankan ya faru ne lokacin da ake kwashe bayanai zuwa sabon rumbun ajiya na shafin, abin da aka ajiye ke nan a guntule. Kuma ma'aikatan kantin sun riga sun shiga sabon rumbun suna gyara farashi da ƙara sababbin kaya, ba dama a share a sake zubawa kai tsaye. Aiki ne na kwanaki, a bi a tsanake.

Muka shiga wurin Oga tare. Ya saurara yana juya biro, idonsa a kan Guguwa ko da ni ce ke magana.

"Gobe za a ƙaddamar," ya ce. "Matar nan ta buga talla, ta gayyato manajojin rassa. Za mu ƙaddamar, sati mai zuwa a gyara a hankali, babu wanda zai sani."

"Yallaɓai, daga shafin ake buga takardar da ake liƙa wa magani in za a kai gida."

"Kwali yana da takardarsa a ciki."

"Ba duka ake sayarwa da kwali ba. Wani fallen ƙwaya ne kawai a leda."

Sai a lokacin ya dube ni. "Kin san sau nawa na ƙaddamar da shafi kafin ki koyi kunna kwamfuta? Babu shafin da ke fita ba lahani. Gobe ke za ki riƙe kwamfutar, shi ya yi bayani, ki buɗe abin da aka ce ki buɗe. Jibi mu zauna a kan maganar aikinki. Ina jin kin gane."

Na gane sarai.

Da yamma na tarar da Mama a kan kekenta, tana haɗa hannun wata riga, Yaya yana zaune a ƙasa yana cin abinci. Mama ba ta iya ganin fuskata a ɗaure ta yi shiru.

"Wa ya taɓa mini ke yau?"

"Babu kowa. Aiki ne."

"To faɗa mini da Hausa, ba da yaren injinku ba."

Na ɗauki wani yadi da ke kan tabarma. "Mama, a ce kin kai wa teloli uku yadi, kin ce wa kowannensu biyu. Na farko ya sa almakashi sau ɗaya ya miƙo miki ƙyalle biyu, ƙarami da babba, yadinki cif. Na biyu ya yayyanka shi gunduwa-gunduwa, ya ba ki biyun farko, sauran ya watsa a shara. Na uku ya ɗauka sau biyu kika ce ya yanka, ya miƙo miki uku."

"Na biyun nan ɓarawo ne."

"Ba ɓarawo ba ne, haka aka koya masa, kuma a rubuce yake ga mai son karantawa. Wanda ya kai masa ne bai tambaya ba."

"Ni dai ba zan sake kai masa ba. Mene ne a cikin abin da ya watsar?"

"Kada a ba jariri."

Mama ta ɗauke ƙafa daga keken. Na ba su labarin duka. Yaya ya ture kwanon gefe ya wanke hannu kafin ya yi magana.

"Ke kin faɗa, kin fita. Kamfanin Oga ne, shi zai ɗauka. Ki bi a hankali, don Allah. Fuskata na sa kafin ya karɓe ki, kuma kin san yadda gari yake. Masu digiri biyu ma suna nan suna sayar da katin waya."

"Ban ce zan yi wani abu ba, Yaya."

"Shi ne abin da ke ba ni tsoro. In kika ce za ki yi, ana iya lallashinki. In kika yi wannan shirun naki ne ake shiga uku."

Mama ba ta goyi bayan kowa ba. Ta miƙo mini allura ta ce in zura mata zare, idonta ya gaji.

Washegari aka share ɗakin taro, aka kunna babban allo. Mai kantin ta zo da manajoji biyu. Gajeriyar mata ce mai tabarau, ta yi shekaru tana ba da magani da hannunta kafin ta buɗe rassa. Na zauna a ƙarshen tebur da kwamfutar. Guguwa ya yi bayani, muryarsa ba kamar kullum ba, ya nuna saurin shafin, ya nuna yadda ake biya, ya nuna yadda yake fita a waya. Ni kuwa ina buɗe abin da aka ce in buɗe. Oga ya zaɓi magungunan da bayaninsu dama gajere ne. Manajojin suna ta gyaɗa kai. Na ce a raina watakila haka za a tashi, ba wanda zai ko kalle ni, in tafi gida da abin a cikina.

Sai mai kantin ta ce, "Ya yi kyau. An dai gwada komai?"

"Komai, ranki ya daɗe," in ji Oga. "Ga mai gwajinmu nan, digiri gare ta a harkar."

Karo na farko ke nan da ya ambaci digirina. Matar ta juyo ta dube ni ta saman tabarau.

"Haka ne, 'yata?"

Gyaɗa kai kawai ake buƙata. Na ji wuyana ya ƙi.

"An gwada, ranki ya daɗe, amma bai wuce ba. Ki zaɓi maganin da kika fi sani in buɗe miki."

Matar ta gyara zama. Ta kira sunan wani magani, na buɗe. Ta karanta a fili, "Ƙwaya ɗaya kullum." Bakinta ya ci gaba da motsi, tana jiran sauran da ta sani da ka. Ta cire tabarau ta goge ta mayar.

"Ina sauran?"

Ta sake duban allon. Ta kira wani, ta kira na uku. A na huɗu ba ta ma karanta ba, ta dubi tsawon layin kawai.

"Wannan ba a ba mai ciki. Ina aka kai shi?"

Na yi mata bayani a taƙaice, cewa tsohon shafin yana raba layi ya riƙe ragowar, sabon yana rabawa ya zubar, kuma komai yana nan lafiya a tsohon rumbu, ba abin da ya ɓace. Ban kira sunan kowa ba. Ta tambaya ko an san da haka kafin yau. Oga ya fara cewa ƙaramin abu ne da dama aka shirya gyarawa, ta ɗaga masa hannu. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce tsohon shafi ya ci gaba da aiki, ba za a ƙaddamar da komai ba sai ta zauna da kanta ta duba, kuma tana son a rubuto mata yadda aka yi haka ta faru. Ta ɗauki jakarta, manajojin suka bi ta.

Oga bai yi mini tsawa ba. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Ki gyara abin da kika tona, sannan mu yi magana."

Kwanakin da suka biyo baya su ne mafiya daɗi da na yi a wurin, duk da babu mai gaishe ni. Guguwa ya jawo kujerarsa zuwa teburina, tunda a kwamfutata Tsohon Gida yake a buɗe. Yanzu in wani zai shiga banɗaki mu biyu ne ke matsawa.

"Haka kike rayuwa a nan?" ya tambaya a karo na ba adadi da ya ja kujera.

"Za ka saba. Ana koyon haƙuri da sanin wanda cikinsa ba lafiya."

Na rubuta ɗan ƙaramin aiki a JavaScript da ke neman waƙafin farko, ya yanka a nan sau ɗaya, ya riƙe hagu da dama. Guguwa ya bi duk inda ya sa split da lamba ya maye gurbinsa. Na rubuta wani a Python da ke ɗauko kowane layi daga tsohon rumbu da sabo ya jera su, duk inda suka saɓa ya nuna. Ranar farko abin da ya saɓa ya cika allo yana gudu. Muka yi ta bi, muna raba wanda yankan ya ɓata da wanda ma'aikatan kantin suka canza da gangan. Adireshin masu saye ya fi ba mu wahala, don mutane suna rubuta unguwa, waƙafi, bayan kaza, waƙafi, gida mai jan ƙofa, duk an sare an bar unguwar kawai.

Wata rana da rana tsaka, yana cikin bugawa, Guguwa ya ce ba tare da ya dube ni ba, "Shekara da shekaru ina rubuta su duka biyun. Ban taɓa karanta abin da lambar ke yi a JavaScript ba. Na ga ta karɓa, na wuce."

"Kowa zai iya yi. Da ni ce, da ɗaya zan sa saboda Python, in ba ka sunan magani kawai ba bayani."

"Da an gani nan take ai."

"Shi ya sa naka ya fi haɗari. Ya yi kyau da yawa."

Ya yi dariya, ta farko tun ranar taron. "Farfesa, ashe kina da tausayi."

"Kar ka yaɗa."

Da muka kai inda Python ya gama bin rumbunan biyu bai nuna komai ba, na sake kunna shi don in tabbata. Allon ya tsaya fari. Na miƙe na shiga banɗakin na wanke fuskata, na daɗe ina kallon madubi. Aikin nan nawa ne, daga ganowa har zuwa rufewa, kuma na san babu wanda zai iya cire shi daga hannuna ko da ba a rubuta sunana a ko'ina ba.

Mai kantin ta zo ta zauna da kanta ta duba magungunan da ta ga dama, ta amince, aka ƙaddamar ba tare da taro ba. Saura bayanin da ta nema a rubuce. A kansa Oga ya kira ni.

Ya ce in zauna, ya ma sa aka kawo mini ruwa. Ya yaba gyaran. Ya ce ya yi tunani, yana son ya riƙe ni cikakkiyar ma'aikaciya, a mayar da ni tebur kusa da taga, in riƙa rubuta sababbin ayyuka tare da Guguwa. Sai ya juyo mini da allon kwamfutarsa.

Saƙo ne zuwa ga mai kantin, an riga an rubuta. Yana cewa kuskuren daga ɓangaren gwaji ya fito, sabuwar ma'aikaciya ce ba ta gwada da bayanan gaske a kan lokaci ba, ta gane kuskurenta, an ja mata kunne.

"Da sunanki za ki tura," ya ce. "Ke sabuwa ce, babu wanda zai riƙe ki da shi. Shi kuwa da sunansa nake samo aiki. In aka ce Guguwa ya sare bayanin magani, wa zai sake kawo mana shafi? Har ke abin zai shafa."

"Shi ya san da wannan?"

"Ba shawararsa ba ce."

Na sake karanta saƙon. Na ga tagar, na ga Mama tana matso da fuska kusa da allura, na ga kaina a gida da rana tsaka ina jin maƙwabta suna wucewa. Ban raina abin da ya miƙo mini ba. Shi na zo nema, shi na ja kujera watanni dominsa. Layi uku ne kawai, kuma matar da za ta karanta ba danginmu ba ce.

"Yallaɓai, na gwada da abin da aka ba ni, na rubuta a kira ni in an zuba na gaske. Da aka zuba ni na gani, kuma a ranar na gaya maka. Wannan zan iya rubutawa yanzu in sa sunana. Ba sai na ambaci kowa ba."

"Ba shi na tambaye ki ba."

"To ba ni da wani."

"Kin san abin da kike yi kuwa? Yayanki har gidana ya zo."

"Na sani. Na gode da zaman da na yi."

Ya juya allonsa ya ce a rufe masa ƙofa.

Kayana ba su da yawa, leda ɗaya ta ɗauke su. Na goge teburin, na mayar da kujerar ciki yadda ba za ta tare wa kowa hanya ba. Guguwa ya biyo ni har matakala, ashe ya ji komai ta bangon katako.

"Farfesa, tsaya. Zan yi masa magana."

"Shi ya riga ya sani. In magana za ka yi, mai kantin za ka yi wa."

Ya tsaya riƙe da ƙarfen matakalar. Na sauka.

Na kira Yaya na ce ya zo ya ɗauke ni. Bai tambayi dalili ba, ganin lokacin ya ishe shi. Ya iso a babur ɗinsa, fuska a murtuke, ya dubi ledar da ke hannuna ya kashe injin.

"Korar ki ya yi?"

"Ya ce in zauna, har da tebur a taga. In dai zan rubuta wa matar cewa laifina ne."

Yaya ya ɗaga kai ya kalli benen ofishin na ɗan lokaci. Na shirya jin faɗa, na ma tanadi amsoshina.

"Laifinki ne?"

"A'a."

"Ko kaɗan?"

"Ko kaɗan."

Ya karɓi ledar ya rataya a hannun babur, ya taka injin ya tashi.

"To hau. Ki riƙe da kyau, hanyar nan duk ramuka ce."

Na hau na gyara zama, bayana a miƙe. Muna kai wa kwanar farko ya ɗan juyo yana magana cikin iska, ya ce in bari shi zai fara gaya wa Mama, don ni in na faɗa sai ya zama kamar kyauta aka ba ni.